Li Shizhen (1518–1593): Tarihin Wani Malamin Magani na Ƙasar Sin

Gabatarwa

Kowace al'umma da ta daɗe a bayan ƙasa tana da nata ilmin magani, wanda kaka ya bar wa uba, uba kuma ya bar wa ɗa. Sai dai irin wannan gado yakan zo ne a cakuɗe, tsaba da tsakuwa cikin ƙwarya ɗaya, ba kuwa kowane magaji ne yake da haƙurin zama ya tsince su ba. A ƙasar Sin, inda aka yi fiye da shekara 2,000 ana rubuta ilmin magani, mutumin da ya fi kowa suna wajen wannan aiki na tsinta shi ne Li Shizhen, wanda ya rayu zamanin daular Ming. Wannan maƙala ta ƙunshi tarihin rayuwarsa, da littattafan da ya bari, da kuma matsayinsu a ma'aunin ilmin likitanci na yau.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Li Shizhen cikin shekarar 1518 a garin Qizhou, wanda yake gaɓar Kogin Yangtze, cikin lardin da ake kira Hubei a yanzu. Gidansu gidan magani ne. Kakansa yana daga cikin masu maganin nan da suke yawo ƙauye-ƙauye da jakar saiwoyi, suna kaɗa ƙararrawa don marasa lafiya su san sun iso. Irin waɗannan ba su da wata daraja a idon malamai da masu sarauta. Ubansa, Li Yanwen, ya ɗara kakan matsayi, domin ya yi karatu, ya zauna wuri ɗaya ana kawo masa marasa lafiya, har ma ya rubuta littattafai, ciki har da ɗaya a kan saiwar jinsen, da wani a kan ganyen ai, wani tsiro dangin tazargade wanda garin Qizhou ya yi suna da shi.

Duk da haka uban bai so ɗansa ya gaje shi ba. A wancan zamani hanyar ɗaukaka guda ce, watau mutum ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda ake yi a kan littattafan Konfushiyas da iya tsara zance. Saboda haka aka sa yaron karatu tun yana ƙarami. Cikin 1531, yana ɗan shekara 14 a ƙidayar Sinawa, ya ci jarrabawar matakin farko. Daga nan sai ta lardi, wadda ake zama a birnin Wuchang sau ɗaya cikin shekara uku. Sau uku yana zuwa, sau uku yana dawowa hannu rabbana.

Ana cikin wannan fafutika ne, yana wajen shekara 20, ciwo ya kwantar da shi. Mura ce ta fara, ta zama tari mai naci, jiki ya yi zafi kamar wuta, ga majina mai yawa, ga ƙishirwa, ba barci ba cin abinci. Aka yi wata guda ana ba shi magunguna iri-iri, abu sai gaba yake yi, har mutane suka fid da rai. Daga baya uban ya tuna da wata hanya ta wani likitan dā, ya dafa masa saiwa guda ɗaya tak, mai suna huangqin, ya sha. Washegari zafin jikin ya sauka, tarin ya lafa. Li Shizhen da kansa ya rubuta wannan labari a babban littafinsa. Darasin da ya ɗauka shi ne, yawan magani ba ya warkarwa sai an dace da wanda ya yi daidai da cutar. Bayan faɗuwarsa ta uku cikin 1540 ya haƙura da neman muƙami, ya roƙi ubansa ya koya masa sana'ar gidansu, uban kuwa ya yarda.

Ilmin da Ya Gada

Kafin a fahimci aikin Li Shizhen, wajibi ne a san yadda Sinawa suka ɗauki jikin ɗan Adam. A ganin likitocinsu, akwai wani ƙarfi na rai da suke kira qi, wanda yake gudana cikin jiki ta wasu hanyoyi kamar yadda ruwa yake bin magudanai. Idan ya toshe, ko ya yi yawa, ko ya ƙaranta, sai cuta ta samu. Tushen wannan ra'ayi yana cikin wani tsohon littafi, Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Likita yakan gane cuta ta hanya huɗu: ya dubi fuska da harshe, ya saurari murya da numfashi tare da sansana wari, ya yi tambaya, sa'an nan ya ɗora yatsu uku a wuyan hannu ya ji bugun jijiya.

Hanyoyin warkarwa kuwa manyansu uku ne. Ta farko ita ce ta sha, watau saiwoyi da ganyaye da sassaƙe da ma'adinai. Ta biyu sukar allura, inda ake tsira siraran allurai a wasu sanannun gurabe na jiki don a buɗe hanyar qi. Ta uku gashi, inda ake murza busasshen ganyen ai a ƙona shi a kan waɗannan gurabe ko kusa da su. Sukar allura ta riga ta kafu tun kafin zamanin Li Shizhen. Cikin 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa an zuba mutum-mutumi biyu na tagulla ɗauke da ramukan guraben allura, don koyarwa da jarraba ɗalibai.

Aikinsa na Likita

Ba a daɗe ba sunan Li Shizhen ya fara yaɗuwa, musamman saboda yadda yake shawo kan cututtukan yau da kullum waɗanda suka gagari wasu. Ya rubuta labarin matar wani yarima da ciwon ciki ya murɗe ta bayan ta ci taliya tana cikin fushi. Duk abin da aka ba ta sai ta amayar. Ya ba ta garin saiwar yanhusuo, ciwon ya kwanta. Akwai kuma wata dattijuwa 'yar gidan sarauta, mai shekara wajen 60, wadda ta yi shekaru tana fama da taurin bayan gida. Da ya lura mace ce mai ƙiba, mai yawan majina da damuwa, sai ya bar magungunan laushi da aka saba ba ta, ya ba ta 'ya'yan wata yaɗo mai suna qianniu, cikinta ya saki. Haka nan jikan wani yarima da ya kamu da kwaɗayin cin baƙin lagwanin fitila, ya ba shi maganin tsutsar ciki, yaron ya daina.

Da ya warkar da ɗan Yariman Chu, sai yariman ya ba shi muƙami a fadarsa ta Wuchang, ya danƙa masa kula da sha'anin magani. Daga can, bisa ga abin da masu tarihinsa suka ruwaito, aka gabatar da shi ga Ma'aikatar Likitocin Sarki a Bejin. Bai wuce kimanin shekara guda ba ya ajiye aikin ya koma gida. Zamanin kuwa na Sarki Jiajing ne, wanda ya yi mulki daga 1521 zuwa 1567, ya kuma ba da zuciyarsa ga neman maganin hana mutuwa. Masu haɗa irin wannan magani da zaiba da sauran ma'adinai su ne suke da faɗa a ji a fada. Li Shizhen bai ɓoye ra'ayinsa a kansu ba. Ya rubuta cewa zaiba guba ce mai ratsa ƙashi da jijiya, kuma tun zamanin dā mutane masu ɗimbin yawa sun nakasa ko sun halaka garin shanta don neman tsawon rai. Faɗin haka a lokacin da Sarki da kansa yake neman irin wannan magani ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Babban Littafinsa

Tun yana aiki tare da ubansa Li Shizhen ya ga cewa littattafan magunguna da likitoci suke dogara da su cike suke da kurakurai. Mafi girma a cikinsu, Zhenglei Bencao na Tang Shenwei, ya riga ya yi fiye da shekara 400. A wani wuri an haɗa tsiro biyu daban-daban an mai da su ɗaya, kamar weirui da nuwei. A wani wurin kuma an raba tsiro ɗaya gida biyu, kamar nanxing da huzhang. Ga sababbin magunguna da talakawa suke amfani da su waɗanda ba a rubuta ba. Kuskure a sunan ganye kuwa kuskure ne da ake biya da ran mutum.

Cikin 1552 ya ɗaura ɗamarar rubuta sabon littafi. Ya karanta littattafai fiye da 800, na magani da na tarihi da na noma da na labarin ƙasa. Amma da yake gani ya kori ji, bai tsaya kan karatu ba. Ya ɗauki sanda da jaka, wani lokaci tare da ɗansa Jianyuan da almajirinsa Pang Xian, ya shiga duwatsu da dazuzzuka na Hubei da lardunan maƙwabta. Ya tambayi manoma da masunta da maharba da masu saran itace, mutanen da malaman zamaninsa ba su ɗauka suna da abin koyarwa ba. A hanyarsa ta dawowa daga Bejin ma ya ga masu tura amalanke suna ɗauke da wata yaɗo mai fure, suka shaida masa sukan dafa ta da yamma su sha don ciwon gaɓoɓi da gajiya, ya rubuta.

Misali uku sun isa su nuna irin bincikensa. Akwai wata dabba mai ɓawo a jiki wadda take cin tururuwa. Wani babban malami na dā, Tao Hongjing, ya ce takan buɗe ɓawonta ne tururuwa su shiga, sa'an nan ta faɗa ruwa su taso ta cinye. Li Shizhen ya lura da ita, ya ga harshe take zarowa tana lasarsu, ya kuma fede ta ya tarar da tumbinta cike da tururuwa. Na biyu shi ne macijin Qizhou, wanda ake magani da shi, ake kuma sayarwa da tsada. Ya gano cewa yawancin waɗanda suke kasuwa daga duwatsun ƙetaren kogi ake kawo su, saboda haka ya bayyana alamun na ainihi, ciki har da zane 24 a jikinsa, don kada a cuci mai saye. Na uku shi ne furen zaƙami. Mutane sun yi imani cewa idan mai tsinkar furen yana dariya, wanda ya sha jiƙonsa zai yi ta dariya, idan kuwa rawa yake yi, zai yi ta rawa. Ya gwada da kansa, ya ga abin ba ya faruwa sai mai shan ya bugu, kuma wani yana gabansa yana dariyar ko rawar. Ya ƙara da cewa ana haɗa furen da wani a ba wanda za a tsaga wa maruru ko a yi wa gashi, don ya gushe daga hayyacinsa kada ya ji zafi.

Ya gama littafin cikin 1578, bayan shekara 27 a ƙidayarsu, ya kuma sake rubuta shi har sau uku. Ya sa masa suna Bencao Gangmu. Yana da juzu'i 52, da magunguna 1,892, waɗanda 374 daga cikinsu sababbi ne da babu su a littattafan da suka gabata. Akwai haɗe-haɗen magani 11,096, da zane fiye da 1,100 waɗanda 'ya'yansa suka taimaka wajen yi. Cikin sababbin akwai saiwar sanqi, wadda sojojin kudancin ƙasar suke sa wa rauni don tsai da jini, da masara da kabewa, waɗanda ba su daɗe da shigowa ƙasar Sin ba.

Tsarin littafin shi ne ya fi ɗaukaka shi. Tsofaffin littattafai sukan kasa magunguna gida uku, na sama da na tsaka da na ƙasa. Shi kuwa ya kasa su kashi 16, ya fara da ruwa, wuta, ƙasa, ƙarafa da duwatsu, ya bi ta kan ciyayi, hatsi, kayan lambu, 'ya'yan itatuwa, itatuwa, tufafi da kayan aiki, sa'an nan ƙwari, masu ɓawo irin na kifi, masu ƙoƙo irin na kunkuru, tsuntsaye, dabbobi, ya rufe da ɗan Adam. Waɗannan ya sake rarraba su aji 60. A ƙarƙashin kowane magani yakan kawo sunayensa da asalinsu, da inda ake samunsa, da abin da magabata suka ce, da gyaran kurakuransu, da yadda ake sarrafa shi, da ɗanɗanonsa, da cututtukan da yake yi wa magani. A cikin littafin ne ya ce ƙwaƙwalwa ita ce mazaunin hankali, alhali galibin malaman ƙasarsa zuciya suke ba wannan matsayi. Ya kuma ba da shawarar a turara tufafin mai cutar annoba da tururin ruwan zafi don kada ta kama sauran mutanen gida.

Bugun Jijiya da Sukar Allura

Baya ga wannan babban aiki, akwai wasu littattafansa biyu da suka tsira. Na farko shi ne Binhu Maixue, wanda ya gama cikin 1564. A ciki ya bayyana irin bugun jijiya 27, da cutar da kowanne yake nunawa, ya kuma tsara bayanin cikin waƙe don ɗalibi ya ji sauƙin haddacewa. Saboda wannan sauƙi ne littafin ya zama na masu fara koyon sana'ar har ɗaruruwan shekaru.

Na biyu shi ne Qijing Bamai Kao, wanda ya rubuta cikin shekarun 1570, shi ne kuma gudummawarsa ga ilmin sukar allura. Likitocin Sin sun lissafa manyan hanyoyin qi 12, kowace tana da alaƙa da wani sashe na cikin jiki, kamar huhu ko hanta ko ƙoda. Bayan su akwai wasu takwas da ake ɗauka kamar tafkuna ne masu karɓar ambaliyar waɗancan. Biyu daga cikin takwas ɗin, ɗaya mai bin ƙashin baya zuwa ka, ɗaya mai bin tsakiyar ciki da ƙirji, suna da guraben allura nasu na kansu, sauran shidan kuwa aron na manyan hanyoyin suke yi. Bayanin waɗannan takwas a warwatse yake cikin tsofaffin littattafai, yana kuma saɓa wa juna. Li Shizhen ya tattara shi, ya daidaita, ya nuna inda kowace ta faro da inda ta ƙare, da cututtukan da ake danganta mata. A cikin Bencao Gangmu ma, a kashin wuta, ya yi bayanin gashi da ganyen ai, da allurar da ake ƙonawa ta yi ja kafin a soka, wadda aikinta ya yi kama da na sakiya.

Bugun Littafin da Rasuwarsa

Gama rubutu bai kawo ƙarshen wahala ba. A lokacin kowane shafi sai an sassaƙa shi a kan allon katako kafin a buga, littafin kuwa yana da haruffan Sinanci kusan miliyan biyu. Ya tafi Nanjing, cibiyar masu buga littattafai, babu wanda ya yarda ya zuba dukiyarsa. Cikin 1580 ya je wurin Wang Shizhen, mashahurin marubucin zamanin, ya roƙe shi ya rubuta masa gabatarwa, domin sunansa zai jawo hankalin masu bugawa. Gabatarwar ba ta samu ba sai cikin 1590. Daga nan ne wani mai buga littattafai a Nanjing, Hu Chenglong, ya karɓi aikin.

Li Shizhen ya rasu cikin 1593, aka binne shi a bakin tafkin Yuhu kusa da garinsu. Littafin bai fito kasuwa ba sai 1596. A wannan shekara ɗansa Jianyuan ya kai wa Sarki Wanli kofi ɗaya tare da wasiyyar uban, da fatan gwamnati za ta ɗauki nauyin yaɗa shi. Sarki ya ba da umurni a ajiye, maganar ta tsaya nan. Likitoci da masu karatu ne suka raya littafin. An sake buga shi a lardin Jiangxi cikin 1603. Cikin 1607 wani malamin Japan, Hayashi Razan, ya miƙa kofinsa ga shugaban ƙasarsu na soja, Tokugawa Ieyasu. Cikin 1735 wani sashe nasa ya fito da Faransanci a littafin Du Halde kan ƙasar Sin. Hukumar UNESCO ta sa sukar allura da gashi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2010, ta kuma sa Bencao Gangmu cikin kundin muhimman rubuce-rubucen duniya a 2011.

Matsayin Aikinsa a Ma'aunin Yau

Ba duk abin da yake cikin littattafan Li Shizhen ne ya tsaya ba. Ya yarda cewa wasu ƙwari daga ruɓaɓɓiyar ciyawa suke samuwa, ya kuma kawo magunguna da dama waɗanda tushensu camfi ne. Hanyoyin qi da ya yi wa hidima, masu binciken ƙirar jiki ba su same su ba. Gwaje-gwajen zamani sun nuna sukar allura tana ɗan rage wasu ciwuka masu daɗewa, kamar ciwon baya da na gwiwa da na kai, amma bambancin da yake tsakanin sukar da aka yi a guraben da littattafai suka ambata da wadda aka yi ta kwaikwayo kaɗan ne. Ɓawon dabbar nan mai cin tururuwa, wanda ya lissafa cikin magunguna, neman sa ya kusa ƙarar da irinta a Asiya da Afirka, har hukumomin Sin suka cire shi daga jerin magungunan ƙasar a 2020.

Amma abubuwa biyu da suka faru a ƙarni na 20 sun gaskata damuwarsa da kuma hanyarsa. A farkon shekarun 1990, a birnin Brasels na ƙasar Beljiyam, mata kimanin 100 masu shan maganin rage ƙiba suka kamu da ciwon ƙoda mai tsanani. Da aka bincika sai aka tarar an musanya wata saiwar Sin da wata mai guba, saboda sunayensu na Sinanci sun yi kama. Wannan shi ne ainihin haɗarin da ya sa shi ɗaukar alƙalami. Ɗaya abin kuwa alheri ne. Tsiron qinghao, shi ma dangin tazargade, yana cikin waɗanda Bencao Gangmu ya ambata don zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Wata masaniyar harhaɗa magunguna, Tu Youyou, tare da abokan aikinta, sun bi tsofaffin littattafai suna gwada abin da suka ƙunsa. Wani bayani na Ge Hong, likitan ƙarni na 4, ya nuna mata cewa zafi yana ɓata ƙarfin ganyen. Cikin 1972 suka tace sinadarin atemisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocin Afirka, har da na ƙasar Hausa. An ba ta kyautar Nobel a 2015.

Kammalawa

Li Shizhen ya faɗi jarrabawa sau uku, ya bar aikin fada, ya kuma rasu bai riƙe bugaggen littafinsa a hannu ba. Abin da ya bar wa na baya ya wuce yawan magungunan da ya lissafa. Ya girmama magabata har ya karanta littattafansu fiye da 800, amma bai ji nauyin nuna inda suka kuskure ba. Ya ɗauki maganar manomi da maharbi da muhimmanci, sa'an nan ya je ya gani da idonsa kafin ya rubuta. Masu binciken da suka zo bayansa da wannan ma'auni suka auna nasa littafin, suka riƙe abin da gwaji ya tabbatar, suka ajiye saura. Duk mai niyyar tattara ilmin maganin gargajiya na al'ummarsa, aikin da yake gabansa ke nan: ya tabbatar da sunan kowane tsiro da kamanninsa, ya rubuta abin da masu sana'ar suka faɗa kamar yadda suka faɗa, ya kuma rarrabe abin da aka ji da abin da aka gwada.